Ranar da Fidda Ta Tuɓe Famfunan Layinsu

A layin da ya gangaro daga masallaci zuwa gonakin tuffa, a wani ƙauye na gefen Shaubak, garin kan duwatsu mai sanyin ƙanƙara, babu gidan da ba shi da suwaitar Fidda. Tun rasuwar mijinta ta riƙe saƙa hannu bibbiyu. Ɗanta tilo, Awwad, yana aiki a Akaba, garin da ko a tsakiyar hunturu mutane ke yawo da 'yar shara, don haka duk abin da hannunta ya saƙa kan dangi da maƙwabta yake ƙarewa. Ba ta sayen zaren kanti, ta ce leda ce aka ja ta yi tsawo. In an yi wa tumakin ƙanenta Za'al aski, ita ke kwashe gashin, ta wanke, ta kaɗa da mazari, ta rina da launin da ranta ya so. Ranta kuwa launi mai ihu yake so.

Duk wanda ta kai wa, a gabanta yake sakawa. A juya shi hagu, a juya shi dama, a yi ta sa wa hannunta albarka. Daga ranar ba ta ƙara ganin rigar a jikinsa. In ta tambaya sai a ce an adana ta ne saboda fita unguwa, ai irin wannan ba a shiga garke da ita. Fidda ta yarda, har tana jin daɗin yadda ake tattalin kayanta. Ita kanta ba ta taɓa saƙa wa kanta ba. Tsohuwar alkyabbar mijinta mai gashin rago a ciki ta ishe ta, kuma da ma wanzami ba ya son jarfa.

Wata safiya aka sanar a talabijin cewa sanyi mai tsanani zai sauka a daren, kowa ya naɗe mitar ruwansa da duk bututun da ke waje. Mutanen layin ba sa wasa da irin wannan sanarwa, sun sha ganin yadda ruwa ke daskarewa ya tsaga ƙarfe kamar rake. Fidda ta gama nata tun hantsi. Ta murɗe babban makullin da ke shigo da ruwa, ta buɗe famfon tsakar gida ya tsiyaye sarai, ta naɗe shi da tsofaffin buhuna, ta lulluɓe da leda ta ɗaure. Ta hau soro ta yi wa bututun tanki haka. Sannan ta dafa miyar ƙananan waken nan da ake kira adas, ta zuba a tukunya, ta yafa alkyabba ta nufi gidan Za'al da ke can ƙasan layin.

A ƙofar maƙwabciyarta Nofa ta fara cin burki. Famfon bakin ƙofa na sanye da jar hula mai tuntu. Ta san hular, ita ta saƙa wa mijin Nofa. Ta ce a ranta ai ta kwana biyu, wataƙila asu ya taɓa ta, ta wuce.

A gida na gaba, bututun da ya bi jikin katanga an zura shi cikin hannun wata riga ruwan hoda. A na gaba da shi, mita na zaune cikin suwaita shuɗiya, an ɗaure mata hannuwa ta baya kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Fidda ta rage sauri. Ta dubi wannan gefen layin, ta dubi wancan. Ko'ina launi ne, ja da rawaya da shunayya, sai ka ce famfunan ƙauyen ne suka yi ankon biki.

Ta isa ƙofar Za'al ta tarar da matarsa Wasfiyya a durƙushe tana ɗaure igiyar ƙarshe. Abin da take ɗaurewa kuwa koriyar suwaita ce mai ratsin ruwan lemo, wadda Fidda ta cinye kakar bana tana saƙa wa ƙanenta. Wasfiyya na ɗaga kai ta miƙe zumbur, ta tsaya a gaban mitar tana baza siket.

"Yaya, sannu da zuwa. Shigo daga ciki, sanyi ya fara."

"Bari dai in gaisa da maigidan," in ji Fidda, tana leƙawa ta bayanta. "Ashe haka Za'al ya rame? Duka-duka bai wuce gwiwata ba. Ga fuskarsa ta koma gilashi."

Sai ga Za'al ya fito daga garke, sanye da jaket ɗin kanti, yana karkaɗe ciyawa daga hannunsa. Ya ga yayarsa, ya ga mitar, ya yi kamar zai koma wajen tumakinsa, amma ya makara.

"Aro muka ba ta, Yaya," ya ce. "Na kwana biyu ne. Sanyi na wucewa zan karɓi abata."

"Ka rasa buhu ne a gidan nan? Kai da kake sayen dusa buhu-buhu?"

"Buhu ba ya riƙe ɗumi kamar taki. Kowa ya san taki ta fi."

"To me ya sa ba ta riƙe maka naka ɗumin ba?"

Wasfiyya ta yi masa ido, ta taka masa ƙafa. Amma Za'al mutum ne da in aka matse shi gaskiya ke fita ba shiri.

"Cizo take yi, Yaya."

"Wa ke cizo?"

"Suwaitar. Ranar da na sa ta zuwa Juma'a, tun huɗuba nake susa. Wanda ke kusa da ni a sahu ya matsa, ya ɗauka ƙumar tumaki na kwaso. Bayan sallah har magani ya kwatanta mini."

"Wannan ce kawai ko?"

Ya dubi ƙasa. "Duka. Tun ta farko. Ba ni kaɗai ba, ki tambayi kowa."

Fidda ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa Wasfiyya tukunyar, ta ce a sha da zafinta. Ta durƙusa ta kwance igiyar, ta tuɓe wa mitar rigar, ta karkaɗe ta. Baron da Za'al ke kwasar taki na jingine a bango. Ta jawo shi, ta shimfiɗa buhu a ciki, ta ɗora rigar.

"Ina za ki da baro?" in ji Za'al.

"Kwasar kayana."

Haka ta bi layin gida-gida tana hawa. Ba ta shiga gidan kowa ba, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta yi sallama, ta kwance, ta jefa a baro, ta yi gaba. Labari ya riga ta isa saman layin. Wasu suka yi maza suka cire da kansu, suka tsaya a ƙofa suna gaishe ta da fara'ar da ta yi yawa. Wani ya rufa buhu a kan tasa, amma hannun rigar ya leƙo ta ƙasa, rawaya ɗorawa, kamar yana kiranta. Ta ja shi ya biyo ta.

Nofa, wadda suka taso tare tun suna 'yan mata, ita kaɗai ta iya tare ta, ta kira ta da sunan ɗanta kamar yadda aka saba.

"Haba Umm Awwad. Mu muka yi miki laifi, famfon me ya yi? A duk gidan nan shi kaɗai ya sa hular bai yi gunaguni ba."

"To ya zo da kansa ya roƙa," in ji Fidda, ta cire hular ta tura baronta.

A ɗakinta ta juye kayan a kan darduma, suka yi tsibi. Sai a lokacin abin ya sauko mata. Ba tsofaffi ba ne. Yawancinsu karin ninkin da ta yi musu da hannunta bai ma baje ba, sai warin kafur na ƙasan akwati. Ta ɗaga wata ƙarama mai maɓalli, ta tuna ta saƙa ta ne wa jikan Za'al na fari. Ta ɗaga wata toka-toka, ita ce ta farko, wadda ta fara bayan ta fita takaba, lokacin da dare ke yi mata tsawo. Ta zauna a gefen tsibin. Abin da ya fi ci mata rai ba ƙin sakawar ba ne, yabon ne. Shekara da shekaru layi guda na yi mata tafi, ita kuma tana ƙara ƙaimi.

Gefen alkyabbarta ya jiƙe da taɓon hanya, ta cire ta rataye kusa da murhun kananzir. Nan take sanyi ya kama ta. Ta ɗora shayi, ta dubi tsibin, ta ce a fili, "Kowa ya ƙi ku, ni ina so." Ta zaro shunayyar da ta saƙa wa Wasfiyya ta zura kai.

Kan ya ƙi wucewa. Ta ja, ta murɗa, kunnuwanta suka naɗe, ta tsaya cikin duhu tana numfashin warin rago. Da ƙyar ta ɓullo, ɗankwali ya koma ƙeya. Hannun rigar ɗaya ya tsaya a wuyan hannunta, ɗayan ya wuce yatsu yana reto. Ta ce wannan ba komai ba ne, naɗewa ake yi. Ta zauna ta harɗe hannu, ta ji ɗumi na ratsa ta, ta gyaɗa kai. Ɗumi kam akwai.

Wuyanta ne ya fara. Kamar an zuba mata ƙaiƙayin gero. Daga nan ya gangara kafaɗa, ya bi gadon baya, ya ratsa rigar da ke ciki kamar babu ita. Ta daure. Ta ce sabo ne, jiki zai saba. Ta sa yatsa ɗaya ta ɗan sosa, sai wurin da ke kusa ya ce shi ma. Kafin shayin ya tafasa, Fidda na tsaye tana goga bayanta a jikin ƙyauren ɗaki kamar akuya a gindin zaitun.

A nan dariya ta kama ta. Ta tuna Za'al a sahun Juma'a. Ta tuna jikan nan nasa da ke tsala kuka duk ranar da aka sa masa 'yar rigar don ta gani, ita kuma ta dage cewa haƙori ne, har ta kawo masa tofi. Ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, hannu ɗaya na share su, ɗaya na susa. Fitar rigar ma sai da aka yi wata kokawar.

Ta leƙa ta taga. Rana ta karkata, sararin sama ya yi garau, ba gajimare ko ɗaya, irin wanda ke zuwa da mugun sanyi. A layi mutane sai kai-komo suke da kwali da tsofaffin jaridu. Mijin Nofa na ƙoƙarin naɗe famfo da tawul ɗin wanka. Fidda ta yi tsaki. Ta sake loda baron, ta ɗora sauran ledar da ta rage mata da ƙullin igiya, ta yafa alkyabba ta fita.

"Ba don ku ba," ta ce wa Nofa tun kafin ta yi magana. "Don famfunan."

Ta kafa wa famfon hularsa, ta zura bututun cikin hannun wata riga, sannan ta juyo kan mijin Nofa.

"Kuma ku da kuka iya satar hanya, ko naɗin ba ku iya ba. Ulu tsirara a waje? Raɓa ta sauka ya jiƙe, ya daskare, ya zama ƙanƙarar da kuke gudu. A lulluɓe da leda, a ɗaure ta ƙasa. Ka rufe babban makullin?"

"Yanzu zan rufe."

"Rufe, ka buɗe wannan ya tsiyaye. Ruwan da babu shi a ciki ba ya fasa komai."

Nofa na riƙe mata igiya tana kallon wuyanta, wanda ya yi ja ya tashi ruɗu-ruɗu.

"Me ya same ki a wuya, Umm Awwad?"

"Sauro."

"Sauro a wannan sanyin?" Nofa ta ƙulla igiyar a hankali. "Lallai ya samu mai saƙa masa suwaita."

Fidda ta yi kamar ba ta ji ba, amma sai da ta ciji leɓe.

Ta gangara layin tana rabawa, ba ta duba wace riga ce ta wane gida. Inda bututu ya yi tsawo ta ba da biyu. Mutane suka fito suna taya ta, ana ɗaurewa ana satar kallon fuskarta, ita kuwa sai umarni take bayarwa kamar mai rabon aikin gayya. Kafin ta isa ƙasan layin baron ya koma wayam, saura koriyar nan mai ratsin ruwan lemo, wadda ta ajiye wa mitar Za'al.

Za'al na zaune a dakalin ƙofarsa, da ganinsa ya sha faɗa a cikin gida. Ya tashi ya cire jaket ɗinsa, ya ɗauki rigar daga baro, ya yi ta fama har kansa ya fito.

"Me kake yi haka?" in ji Fidda.

"Sa rigata nake yi. Ni aka saƙa wa."

"Cire ka ba mitar. Magariba ta kusa."

"Mita ba ta da yaya. Ni ke da yaya."

"Za'al, kada ka mai da ni mahaukaciya. Ɗazu ka ce tana cizo."

"Ɗazu ban san abin da nake faɗa ba. Yunwa nake ji." Kafaɗarsa ta motsa da kanta, ya danne ta. "Laushi gare ta kamar auduga."

Maganar gwajin da ta yi ɗazu ta zo wa Fidda har baki. Ta dubi Wasfiyya da ke tsaye a ƙofa, ta dubi maƙwabta biyu da suka biyo ta da igiya, ta haɗiye abarta.

"Wataƙila tana da ɗan kaushi," ta ce, "kaɗan."

"Ko kaɗan."

Ya shiga ya fito da buhun fulawa guda ɗaya, shara-shara, ya yafa wa mitar ya ɗaure. Fidda ta ce ya ƙara wani abu a kai, ya ce ya isa. Ta ce ya rufe makullin, ya ce tankinsa bai cika ba, yau ne ranar da ake sako wa layinsu ruwa, zai rufe in ya cika. Taurin kai gadon gidansu ne, ta san ba a cin nasara a kansa da tsayuwa. Ta jingine masa baronsa ta koma gida.

Sanyin ya zo kamar yadda aka faɗa, har ya ƙara. Da safe tsumman da ta manta a igiya ya sandare kamar busasshiyar gurasa, ruwan kwanon kaji ya zama dutse. Da rana ta ɗan ɗaga ta buɗe makulli, famfonta ya yi tari sau biyu ya kawo ruwa. Ta jiyo na Nofa ma yana zuba a bokiti.

Tana cikin ɗumama gurasa aka ƙwanƙwasa. Za'al ne, jarka a kowane hannu, idanu jawur, koriyar suwaita har yanzu a jikinsa. Wuyansa kamar ya kwana a kan ƙaya.

"Barci ya ɗauke ni wajen asuba," ya ce, "ban rufe ba. Gilashin mitar ya tsage, bututun ya buɗe. Ƙofar gidana yanzu duk ƙanƙara, sai dai a yi sulu. Wasfiyya ta ce in ɗumama ruwa in zuba a hankali, na ce me ya rage da za a narkar."

"Wajen asuba? Me ya hana ka barci tun farko?"

"Tunani."

"Tunani ne ya yi maka wannan zanen a wuya?"

Ta ja shi ciki, ta zaunar da shi kusa da murhu, ta zuba masa shayi. Ya riƙe kofin da hannu biyu, da gani don kada ɗayan ya tafi susa ne. Ta zauna ta fuskance shi, ta ja wuyan rigarta ƙasa kaɗan ta nuna masa nata.

"Na gwada ta Wasfiyya jiya."

Ya ajiye kofin. "Ke?"

"Ko shayi bai tafasa ba ta gama da ni. Kai da ka kwana a ciki, Allah ya ba ka ladan."

Za'al ya dube ta, ya dubi wuyanta, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Suka yi ta dariya su biyu, yana susa da hannu bibbiyu yanzu ba kunya. Ta taya shi tuɓewa, ta ba shi man zaitun ya shafa, ta yafa masa alkyabbar.

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko?" ta tambaye shi da dariyar ta lafa.

"Tun farko ba ki ko fita tsakar gida, Yaya. Abinci sai an yi da gaske. Ranar da kika aiko a kawo miki gashin tumaki, Wasfiyya har kuka ta yi don murna. Da kika kawo rigar, wa zai ce miki tana cizo? Daga baya kuma maganar ta tsufa, ba ta faɗuwa."

Fidda ta juya gurasar da ke kan murhu, ko da yake ba ta bukatar juyi. Ta ce shayinsa zai huce.

Mitoci da yawa sun fashe a yankin a daren, layin masu jiran gyara ya yi tsawo. Gidan Za'al gaba ɗaya ya dawo gidan Fidda da wanki da wanka da girki. Wasfiyya ta kafa tukwanenta a kicin, matar ɗanta ta cika igiya da kayan yara, jikoki na tsere daga ɗaki zuwa ɗaki, Za'al na shigowa da jarkoki yana fita yana shigo da taɓo. Fidda ta yi ta mita a kan taɓon da sabulun da ake ƙarar mata. Rabon gidan da irin wannan hayaniya an daɗe.

Wata yamma Wasfiyya ta dawo daga birnin Ma'an ta ce ta biya wajen masu gyara, sun ce watakila sai mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa?" in ji Fidda, tana yanka albasa. "To su yi a hankali, aikin gaggawa ba ya kyau. Miƙo mini babbar tukunyar nan, wannan ba za ta ishe mu ba."